DAVID UNAIPON: MARUBUCIN DA AKA RABA DA LITTAFINSA SHEKARA 71

Idan aka ambaci ƙasar Ostiraliya, abin da kan fara faɗo wa mutane a rai shi ne Turawa, da garkunan tumaki, da dabbar nan kangaru mai goyon ɗanta a aljihun ciki. Kaɗan ne su kan tuna cewa kafin jiragen ruwan Ingila su sauke fursunoni da sojoji a gaɓar Sidni cikin shekarar 1788, akwai baƙaƙen mutane waɗanda suka yi fiye da shekara 50,000 suna zaune a ƙasar, suna magana da harsuna wajen 250. Su ne Turawa suka laƙaba wa suna Aborijin, watau 'yan asalin ƙasa. Daga cikinsu aka sami David Unaipon, mai wa'azi, mai ƙirƙirar na'urori, wanda kuma a ke lissafawa shi ne na farko cikin jinsinsa da ya wallafa littafi da Ingilishi. Ya yi shekara 94 a duniya. Ya ƙirƙiri abin da bai ci ribarsa ba, ya rubuta littafin da ya fito da sunan wani, bai kuwa yi tsawon ran da zai ga ranar da aka mayar masa da haƙƙinsa ba.

ASALINSA

An haifi Unaipon ran 28 ga watan Satumba, 1872, a wani ƙauyen mishan da Turawa ke kira Point McLeay, mutanen wurin kuwa suna ce masa Raukkan. Ƙauyen yana bakin Tafkin Alexandrina ne, kudu maso gabas da birnin Adelaid, kusa da inda Kogin Murray ya ke faɗawa teku bayan ya yi tafiyar kilomita wajen 2,500. Nan ce ƙasar Ngarrindjeri, ƙabilar masunta da maharban tsuntsayen ruwa, waɗanda su ke da majalisar dattawa mai suna Tendi, inda a ke yanke shari'a a kuma sasanta rigingimun da ke tsakanin zuriyoyi.

Lokacin da aka haife shi ƙabilar ta riga ta shiga wani hali. Cutar agana ta biyo kogi ta yi musu ɓarna tun Turawa ba su kafa mulki a yankin ba. Da aka kafa mulkin mallaka na Ostiraliya ta Kudu cikin 1836, sai makiyayan Turawa suka mamaye filaye da mashaya, suka zuba musu tumaki da shanu. Cikin 1859 wata ƙungiyar Kiristoci ta Adelaid, mai kiran kanta Ƙungiyar Abokan 'Yan Asalin Ƙasa, ta aiko da wani malami George Taplin ya buɗe mishan a Raukkan, aka gina makaranta, cikin 1869 kuma aka gina majami'a.

Mahaifin David, watau James, yana cikin mutanen farko da suka karɓi addinin Kirista a wurin. Ya koyi karatu da rubutu, ya zama mai wa'azi, shi ne kuma ya taimaki Taplin ƙwarai wajen rubuta harshen Ngarrindjeri da al'adunsu. Ainihin sunan gidansu Ngunaitponi ne, amma da ya yi wa Turawa nauyi a baki sai suka taƙaita shi ya koma Unaipon. Mahaifiyarsa Nymbulda 'yar babban gida ce cikin ƙabilar. David shi ne na huɗu cikin 'ya'ya tara, ya tashi kunnensa ɗaya yana jin Littafi Mai Tsarki, ɗayan yana jin labarun kakanni a bakin dattawa.

KARATU DA NEMAN ABIN YI

Ya shiga makarantar mishan yana da shekara bakwai, ya bar ta yana da goma sha uku. Iyakar karatunsa na aji ke nan, shekara shida. Cikin 1885 wani attajiri ɗan ƙungiyar nan ta Adelaid, Mista C. B. Young, ya ɗauke shi aikin gida. Da maigidan ya lura yaron ba ya ganin littafi ya ƙyale, sai ya sakar masa ɗakin littattafansa, ya kuma ƙarfafa masa gwiwa kan adabi da falsafa da kimiyya da kiɗa. Shekara biyar ɗin da ya yi a gidan nan ita ce ta zama masa sakandare da jami'a gaba ɗaya.

Da ya komo Raukkan cikin 1890 sai ya tarar ilminsa ba shi da kasuwa. Babu ofishin da ke ɗaukar Aborijin aikin akawu a zamanin, komai iya Turancinsa. Ya koyi ɗinkin takalma, ya riƙa kaɗa ogan a majami'a, watau babban abin kiɗan nan mai kama da piyano. Wajen ƙarshen shekarun 1890 ya tafi Adelaid ya yi tsaron sito a wurin wani mai sana'ar takalma, daga bisani ya komo ya riƙe littafin lissafi a kantin mishan. Ran 4 ga Janairu, 1902, ya auri Katherine Carter, suka haifi ɗa namiji guda.

Akwai wani abu game da ƙauyen nan wanda ko a Ostiraliya ba kowa ya sani ba. Cikin shekarun 1890 an kafa rumfar zaɓe a Point McLeay, maza da mata 'yan asalin ƙasa suka jefa ƙuri'a, tun matan Ingila ba su sami wannan dama ba. Amma bayan da yankunan mulkin mallaka shida suka haɗu suka zama Tarayyar Ostiraliya cikin 1901, sai Majalisar Tarayya ta kafa doka cikin 1902 wadda ta hana mafi yawan 'yan asalin ƙasa zaɓen tarayya, ba a kuwa buɗe wa dukansu ƙofar ba sai 1962. Tsarin mulkin ma ya ce idan an zo lissafin yawan jama'ar ƙasa kada a sa da su. A ƙarƙashin wannan tsari Unaipon ya yi mafi yawan rayuwarsa ta girma.

ALMAKASHIN TUMAKI DA BUMARAN

Tun yana saurayi wani buri ya kama zuciyarsa, watau ya ƙera injin da in an tashe shi sau ɗaya zai yi ta juyi har abada, ba gawayi, ba mai, ba lantarki. Mutane da yawa sun ɓata rayuwarsu kan wannan buri kafin shi, har ta kai cikin 1775 Majalisar Masana Kimiyya ta Faransa ta daina duba zanen irin wannan inji in an kawo mata. Dalili kuwa shi ne ƙarfi ba ya samuwa daga babu, kowane inji kuma yana asarar wani kashi na ƙarfinsa wajen gugar ƙarfe da ƙarfe da ture iska, abin da ya ɓace ya zama zafi, har a kwana a tashi injin ya tsaya. Unaipon bai taɓa cimma burin nan ba. Amma garin nemansa ya san sirrin juyin ƙafafun inji, da yadda a ke mai da wani irin motsi ya koma wani, daga nan ne kuwa abin da ya fi shahara da shi ya fito.

A wancan zamani ulu shi ne ƙashin bayan arzikin Ostiraliya, ya kuma daɗe a haka, don cikin 1970 ƙasar tana da tumaki miliyan 180 alhali mutanenta ba su kai miliyan 13 ba. Da can da wani ƙaton almakashi a ke aske tumakin da hannu. Cikin shekarun 1880 wani Bature, Frederick Wolseley, ya fito da injin aski, mai mataji a ƙasa da wuƙa a sama tana kai da komowa a kansa. Wuƙar nan lilo ta ke yi, tana bin hanya mai lanƙwasa kamar baka. Unaipon ya ƙago wata dabara wadda ke mai da juyin inji ya zama motsi miƙaƙƙe, yadda wuƙar za ta bi mataji sak. Cikin 1909 ya kai zanensa ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire aka ba shi takardar wucin gadi.

To, takardar wucin gadi ba ta kare mutum sai na ɗan lokaci. Kafin wa'adin ya cika dole ne mai ita ya biya kuɗin cikakkiyar rajista, ya sami masu zuba jari, ya kuma iya ɗaukar lauya in wani ya kwaikwayi abinsa. Unaipon ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, saboda haka takardar ta mutu, bai sami ko kwabo daga dabararsa ba. Daga 1909 zuwa 1944 ya sake kai zanen waɗansu na'urori, har da wani inji mai aiki da ƙarfin juyi da wata irin ƙafar inji, dukansu kuwa rashin kuɗi ya binne su.

Cikin 1914 ya yi wata magana da ta sa jaridu suka yi ca a kansa. Mai karatu ya san bumaran, sandan nan mai lanƙwasa da 'yan asalin Ostiraliya su ke jifa da shi. Ba kowane iri ne ke komowa wurin mai jifa ba, don manyan da a ke farauta da su masu nauyi ne, tafiya su ke yi sak su bugi dabba. Ƙanana marasa nauyi su ne masu kewayawa su komo, su kuwa an sassaƙa hannuwansu biyu tamkar fiffike, sama da tudu, ƙasa a shafe, yadda in suna juyi iska za ta ɗaga su. Unaipon ya bayyana cewa in aka kafa irin waɗannan fikafikai a bisa jirgi, inji yana juya su, jirgin zai tashi tsaye ba sai ya yi gudu a fili ba. A lokacin akwai masu gwada irin wannan a Turai, ba su kai ga nasara ba, jirgi mai saukar ungulu kuwa bai yi tashi na sosai ba sai cikin 1936 a Jamus, da 1939 a Amurka. Shi Unaipon daga makamin kakanninsa ya hango hanyar. Saboda irin wannan ne jaridun ƙasar suka riƙa kwatanta shi da Leonardo da Vinci na Italiya.

YAWON WA'AZI

Abin da ya ci da shi, shi ne aikin Ƙungiyar Abokan 'Yan Asalin Ƙasa, wadda ta sa shi yawon tara gudummawa. Ya yi wajen shekara hamsin yana ratsa garuruwan kudu maso gabashin Ostiraliya, yana wa'azi a majami'u, yana lacca a makarantu kan al'adun mutanensa. Kullum cikin kwat da laktaye ya ke, Turancinsa kuwa irin na tsofaffin littattafai ne, har Turawan da suka zo kallon baƙin mutum su kan koma gida suna mamaki. Duk da haka sau da yawa in ya sauka daga mumbari ya nemi masauki, sai masu otal su hana shi ɗaki saboda launin fatarsa.

Hukuma ma ta san da shi. Cikin 1911 Ostiraliya ta Kudu ta kafa dokar da ta ba wani babban jami'i ikon zama waliyyin 'ya'yan 'yan asalin ƙasa, da ikon tsare manyansu a keɓaɓɓun wurare. Unaipon ya ba da shaida gaban Hukumar Binciken da aka kafa kan sha'aninsu cikin 1913, ya kuma taimaki binciken da J. W. Bleakley ya yi wa Gwamnatin Tarayya cikin 1928 zuwa 1929. Cikin 1934 ya yi kira ga Gwamnatin Tarayya ta karɓi sha'anin 'yan asalin ƙasa daga hannun jihohi.

Ba dukan 'yan'uwansa suka yarda da hanyarsa ba. Shi a ganinsa ilmi da addini da lallami su ne za su fid da mutanensa, a hankali. Ran 26 ga Janairu, 1938, sa'ad da Turawa ke bikin cika shekara 150 da zuwansu, waɗansu shugabanni irin su William Cooper da Jack Patten da William Ferguson suka shirya taro a Sidni suka sa wa ranar suna Ranar Makoki. Unaipon bai goyi bayansu ba, yana ganin abin zai ɓata wa Turawa masu tausayi rai. Su kuwa suna ganin lallami ya daɗe bai haifar da komai ba. Har yanzu masu tarihi su kan tattauna wannan saɓani in sun zo kan rayuwarsa.

YADDA LITTAFIN YA SALWANTA

Cikin yawace-yawacensa ya riƙa tattara labarun dattawa, na ƙabilarsa da na waɗansu. A cikin labarun Ngarrindjeri akwai na Ngurunderi, babban kakan da ya bi wani ƙaton kifi mai suna Pondi da mashi cikin kwalekwale. Kifin yana gudu yana kaɗa wutsiya, kowace kaɗawa tana faɗaɗa rafi tana yi masa lanƙwasa, har Kogin Murray ya zama yadda ya ke. Irin wannan labari a wurinsu ya wuce tatsuniyar dare, don a cikinsa a ke koyon taswirar ƙasa da iyakokin zuriyoyi da dokokin zaman tare. Unaipon yana so Turawa su gane cewa mutanen da su ke rainawa suna da nasu adabi da nasu hikima, kamar yadda Girkawa su ke da nasu.

Cikin 1924 wata jaridar Sidni, Daily Telegraph, ta fara buga rubuce-rubucensa. Tsakanin 1924 da 1925 ya haɗa labarun suka zama littafi guda, ya miƙa wa kamfanin ɗab'i na Angus da Robertson a Sidni. Kamfanin bai buga ba, sai ya sayar da haƙƙin rubutun ga Dokta William Ramsay Smith, wani likita mutumin Sikotilan, babban ma'aikacin lafiya a Adelaid, wanda kuma shi ne mai binciken musabbabin mutuwa na birnin. Cikin 1930 littafi ya fito a Landan da suna Myths and Legends of the Australian Aboriginals, sunan Smith a bango, labarun Unaipon a ciki da 'yan gyare-gyare, ba a kuwa ambaci mai su ko sau ɗaya ba. An yi ta sake buga shi shekara da shekaru, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wannan Smith ba littafi kaɗai ya ɗauke wa Ngarrindjeri ba. Ya yi amfani da muƙaminsa yana tara ƙasusuwa da sassan jikin 'yan asalin ƙasa yana aikawa Jami'ar Edinbara, har da na wani sanannen ɗan ƙabilar da mutanen Adelaid ke kira Tommy Walker, wanda ya mutu cikin 1901. An kafa kwamitin bincike a kansa cikin 1903, aka wanke shi ya koma bakin aikinsa. Sai cikin 1991 jami'ar ta fara mayar da ƙasusuwan Ostiraliya.

Shi kuwa Unaipon bai ajiye alƙalami ba. Daga 1927 zuwa 1929 ya buga waɗansu 'yan ƙananan littattafai na labarun gargajiya da sunansa, ya riƙa sayarwa da hannunsa a wuraren wa'azi.

ƘARSHENSA DA ABIN DA YA BIYO BAYA

Cikin 1953 aka ba shi lambar tunawa da naɗin Sarauniyar Ingila. Bai bar wa'azi ba sai da ya kai shekara 87, sa'an nan ya koma Raukkan ya ci gaba da fama da zanen injinsa mai juyi har abada. Ya rasu a asibitin Tailem Bend ran 7 ga Fabrairu, 1967, aka binne shi a maƙabartar ƙauyensu. Bai cika wata huɗu a ƙasa ba, ran 27 ga Mayu, aka yi ƙuri'ar raba gardama, fiye da kashi 90 cikin 100 na masu zaɓe suka yarda a soke sashen da ya hana lissafa 'yan asalin ƙasa, a kuma ba Gwamnatin Tarayya ikon yin doka a kan sha'aninsu, watau abin da ya roƙa tun shekara 33 da suka wuce. Cikin 1974 aka miƙa wa Ngarrindjeri ragamar ƙauyen, cikin 1982 kuma aka mayar masa da sunansa Raukkan.

Abin da ya tona asirin littafin nan shi ne takardun da aka adana. Ainihin rubutun Unaipon yana ajiye a Laburaren Mitchell da ke Sidni, wanda ya gwada shi da littafin Smith kuwa ba ya bukatar mai yi masa bayani. Malamai biyu, Stephen Muecke da Adam Shoemaker, suka bi diddigi, cikin 2001 suka sa maɗaba'ar Jami'ar Melbon ta buga shi da sunan mai shi, da kuma sunan da shi ya raɗa masa, Legendary Tales of the Australian Aborigines. Shekara 71 ke nan bayan fitowar na Smith, shekara 34 bayan rasuwar marubucin.

Kafin wannan, cikin 1995, Babban Bankin Ostiraliya ya sa hotonsa a takardar dala hamsin, tare da zanen almakashinsa na 1909, da majami'ar Raukkan, da ɗan guntun rubutun hannunsa. Takardar ta leda ce, dabarar da Ostiraliya ta fara fitowa da ita cikin 1988, irin wadda Nijeriya ta soma amfani da ita a naira ashirin cikin 2007. A ɗaya fuskar akwai Edith Cowan, macen farko da ta shiga majalisar dokoki a ƙasar cikin 1921. Da aka sabunta takardar cikin 2018 an ƙara garkuwoyin Ngarrindjeri, da wani baƙin tsuntsun ruwa mai dogon wuya, dangin dinya, wanda shi ne tambarin zuriyar Unaipon. Akwai kuma kyauta mai sunansa wadda a ke bai wa sababbin marubuta 'yan asalin ƙasa a Jihar Queensland tun ƙarshen shekarun 1980.

Wani zai ce duk wannan ihu ne bayan hari, tun da mutumin da hotonsa ke kan kuɗi ya rasa kuɗin rajistar abin da ya ƙirƙira. Haka ne, ba abin da ya shiga aljihunsa. Amma ɗalibi da ma'aikaci suna da abin lura a nan. Wanda ya hana Unaipon haƙƙinsa babban ma'aikacin gwamnati ne mai digiri da muƙami, waɗanda suka mayar masa kuwa ba su yi da komai ba sai da takardun da waɗansu ma'aikatan laburare suka karɓa, suka sa musu lamba, suka adana shekara da shekaru, tun ba wanda ya zo tambayarsu.